Tunawa da Malamina Matafiyi, da Bayanin Abin da Takarda Ba Ta Ɗauka

 

Ya kai ɗan'uwa mai duba wannan takarda, ko kai almajiri ne da allo a hannu, ko kuwa falke ne da ya sauke kaya ya sami sararin karatu, ina roƙon ka ara mini hankalinka kaɗan. Zan ba ka labarin malamina, Allah Ya jiƙansa da rahama, wanda ya rayu shekara 93, ya taka ƙasashe da ƙafarsa, ya kuma kasance mai son daddaɗan sauti tun yana yaro har ya koma ga Ubangijinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin bai so a yayata shi yana raye ba, ba kuwa zan saɓa masa yana kabari ba. Zan kuma gaya maka laifin da na yi masa da asarar da ta biyo baya, domin su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya faɗa rijiya Allah Ya fid da shi, haƙƙi ne a kansa ya tsaya a bakinta ya yi wa na baya ishara.

Fasali na farko, a kan asalinsa da fitarsa

An haife shi a wani ƙauye gabas da birnin Kano, shekarar da aka naɗa Abdullahi Bayero sarauta, watau 1926. Mahaifinsa manomi ne. Mahaifiyarsa kuwa tana cikin matan nan da ba su durƙusawa gaban dutsen niƙa face da waƙa a bakinsu. Yakan ce mana daga gare ta ya fara gane cewa aiki mai nauyi yana sauƙi idan an ba shi ma'auni, domin hannu yana bin murya, murya kuma tana bin numfashi. Da ya kai shekara 12 aka miƙa shi ga wani alaramma mai tafiya gabas. A ƙasar Barno ya haddace Alƙur'ani, ya kuma rubuta shi da ka, kamar yadda al'adar mahaddatan can take.

A shekarar 1946, shekara guda bayan an gama yaƙin duniya na biyu, wani ayarin mahajjata ya sauka a Yerwa. Malam yana saurayi ɗan shekara 20. Ya nemi izinin malaminsa, ya aika wa iyayensa saƙo ta bakin wani falke, ya ɗauki gafakarsa da buzunsa da butarsa da 'yar kwalbar tawada, ya bi su. Kada ka auna wannan tafiya da ta yau, wadda mutum kan hau jirgin sama a Kano da hantsi ya sauka Jidda kafin magariba. A wancan zamani talaka da ƙafarsa yake zuwa Makka, yana tafe yana neman guzuri, kuma wanda ya fita akan yi masa ban kwana irin na wanda ba a sa ran komowarsa.

Suka bi ta Dikwa, suka isa Kusuri, suka ƙetare kogi cikin kwalekwale zuwa Fot Lami, wanda mutanenmu ke kira Fallomi, aka kuma sauya masa suna ya koma Injamena a 1973. Daga nan sai Ati, sai Abeshe babban birnin Wadai, sai Jinaina a bakin iyakar Sudan, sai Fashir a ƙasar Darfur. A kowane gari sai ayari ya yada zango a nemi abin ci gaba da tafiya. Wani ya yi ga-ruwa, wani yankan farce, wani ɗinkin hula. Malam kuwa yakan tara yaran zango ya koya musu karatu, ya kuma rubuta wa mutane wasiƙa.

Daga abin da ya gani a hanya har da wani abin al'ajabi a yammacin Kurdufan, inda rijiya take da wuya. Mutanen wurin sukan rarake cikin itacen kuka, wanda suke kira tabaldi, su cika shi da ruwan sama da damina, su riƙa ɗiba da guga da rani, kuma kowace kuka da masu ita. Yakan ce: "Kukar da muka tsaya ga miyarta, ga ta a wata ƙasa ta zama randa. Wanda bai fita ba, ko kukar ƙofar gidansu bai gama sani ba."

Fasali na biyu, hikayar daren guguwa

Ka riƙe wannan hikaya, domin zan komo kanta a ƙarshe.

Tsakanin Fashir da Nuhud ƙasa ce ta rairayi. Wata rana da la'asar guguwar ƙura, wadda mutanen Sudan ke kira habub, ta taso musu, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Suka durƙusar da dabbobi, kowa ya rufe fuskarsa. Ko da iska ta lafa dare ya yi, aka ƙirga mutane, sai babu wani yaro ɗan shekara 10, ɗan wata gwauruwa da ke cikin ayarin, wanda ya bi jakinsu da ya tsinke. Uwar ta tashi za ta faɗa daji, madugu ya sa aka riƙe ta, ya kuma hana kowa fita, domin in an watsu cikin wannan duhu, ɓataccen ɗaya zai zama goma. Aka hura wuta, amma ƙurar da ta rage a sama ta tare haskenta. Maza suka yi ta ihu suna kiran sunan yaron, kafin sa'a guda muryoyi suka dushe.

Sai Malam ya hau wani tudun rairayi, ya kife ƙwarya a gabansa, ya fara rera wata ƙasida ta yabon Annabi da murya matsakaiciya, yana buga ƙwaryar da tafin hannu a hankali. Da ya kai ƙarshenta sai ya koma farko. Waɗanda suka gaji da ihu suka zo suka riƙe masa amshi, suna karɓa-karɓa. Haka suka kwana. Gab da asuba sai ga yaron yana jan ƙafa, ya faɗi a gabansu. Da aka ba shi ruwa ya farfaɗo, ya ce ihun nan ya ji shi, amma kamar daga kowace kusurwa yake zuwa, ya rasa inda zai dosa. Waƙar kuwa daga wuri ɗaya take fitowa, kuma in ta ɓace masa ya san za ta komo, sai ya tsaya ya jira ta, in ta zo ya ƙara taku.

Malam yakan rufe wannan labari da cewa ihu yana cinye maƙogwaro cikin sa'a guda, amma murya mai ma'auni takan kwana.

Fasali na uku, a kan zamansa a Sudan da cikar tafiyarsa

Daga Al-Ubayyid suka hau jirgin ƙasa, suka ƙetare Farin Nilu a Kosti, suka sauka Sinnar. Kusa da nan ne garin Mai Wurno yake, a bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Malam ya ce ranar da ya shiga garin ya ji ana ciniki da Hausa da Fulatanci, sai da ya yi hawaye. Shekara uku ya yi yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogunan nan biyu, wadda ake shayarwa daga madatsar ruwan Sinnar da aka gama ginawa a 1925. Da kuɗin audugar nan ne talakawan ƙasarmu da yawa suka biya kuɗin jirgin ruwa.

Da rana yana gona, da dare yana wajen masu madahu, watau masu yawo da yabon Annabi suna buga wani abu mai kama da bandirinmu, wanda suke kira ɗar. Ya zauna da su har ya ɗauki karin muryarsu. Ya je Umdurman ya ga zikirin da ake yi da yammacin Jumma'a a hubbaren Shehu Hamad an-Nil. Ya ji tambur, wani abin kaɗawa mai tsirkiya biyar. Ya kuma lura karin mutanen Sudan ya fi kusa da namu a kan na mutanen Masar, domin a kan matakan murya biyar yake hawa da sauka, kamar yawancin waƙoƙinmu. Ya ce shi ya sa Bahaushe kan ji waƙarsu ta shige shi tun bai san ma'anarta ba.

Daga Sawakin ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Ya yi aikin Hajji a 1951, ya ziyarci Madina, ya zauna ɗaukar karatu gwargwadon abin da ya sawwaƙa, sa'an nan ya juyo ta hanyar da ya bi. Ya iso gida a 1954, shekara 8 da fitarsa daga Yerwa. Ya tarar Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, Sanusi ke kan gado. Ya tarar mahaifinsa ma ya rasu, mahaifiyarsa kuwa idonta ya tafi. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ta kira sunansa daga cikin ɗaki kafin ya rufe baki.

Fasali na huɗu, a kan yadda yake karantarwa

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, mahaifina ya kai ni zaurensa a cikin birnin Kano, ina ɗan shekara 10. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, bai taɓa cuɗa karatun Alƙur'ani da wani sauti ba. In ana tilawa babu tafi, babu buga cinya, babu karkaɗa murya irin ta mawaƙa. Yakan ce maganar Allah tana da nata ma'auni, shi ne madda da gunna da fitar da kowane harafi daga mafitarsa, ba ta bukatar aro.

Amma in an zo littattafan da aka tsara da waƙe, irin su Ibni Ashir da Alburda da Ishiriniya da Alfiyyar Ibni Maliki, nan ne za ka ga wani Malam dabam. Wata rana da hantsi ya ce mu ajiye takardu mu bi shi. Ya kai mu wajen mabuga kusa da marinar Ƙofar Mata, inda ake buga baƙin yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Ya ce mu rufe ido mu saurara. Da muka daɗe sai ya tambaye mu, wane bugu ne mai nauyi, wane ne mai sauƙi, kuma bayan nawa suke komowa? Sa'an nan ya ba mu labarin Halilu ɗan Ahmadu, malamin Basra na ƙarni na biyu na Hijira, wanda ya fitar da ilmin aruli. Ya ce ana ruwaito cewa sautin gudumar maƙera a kasuwa ne ya fara buɗe masa wannan ƙofa, har ya tsara ma'aunan waƙar Larabawa guda 15, daga baya almajirinsa Ahfashu ya ƙara na 16.

Ya nuna mana cewa gaɓar magana iri biyu ce, mai nauyi da mai sauƙi, a Larabci da Hausa duka, shi ya sa malamanmu na da suka iya zuba waƙar Hausa cikin ma'aunan Larabawa. Alfiyya da Ibni Ashir a kan rajazu suke, mai nauyi biyu, mai sauƙi ɗaya, mai nauyi ɗaya, ana maimaitawa sau shida a baiti. Alburda kuwa a kan basiɗi take. Tun daga ranar, baitin da yakan ɗauke ni kwana uku sai in riƙe shi a zama ɗaya, domin kunne ya zama mataimakin zuciya.

Ga wata fa'ida gare ka, ya kai mai kwafar littafi da hannu. In almajiri ya kawo wa Malam ƙasidar da ya kwafa, ba ya duba takardar. Sai ya ce, "Karanta in ji." Yana bugun tabarma da yatsa, sai ka ji ya ce, "Tsaya, baitin nan yana ɗingishi, ka ci harafi." In an koma ga asali sai a tarar haka ne. Ga 'yan kasuwa masu zuwa ɗaukar karatu da dare kuwa yakan ce: "Ku ne ya fi kamata ku san darajar kunne. Wa ke sayen tukunya bai ƙwanƙwasa ba? Tsagar da ido bai gani ba, kunne yana ji. Haka muryar mai neman bashi, in kun natsu za ku ji ko akwai tsaga a cikinta."

Yana da 'yar rediyo da yake kunnawa bayan lisha, in an gama karatu. Yana son kalangun Mamman Shata, da kotson Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos. In makaho mai rera Imfirajin Aliyu Namangi ya tsaya a ƙofa, ba ya barinsa ya wuce sai ya zaunar da shi ya ba shi fura. Yakan ce mutanen nan rumbun Hausa ne, kalmar da ta ɓace a kasuwa a bakinsu za ka same ta. Amma yana da iyaka da ba ya ƙetarewa. In magana ta karkata ga batsa ko cin mutuncin wani, sai ya murɗe rediyon. Ba ya zuwa wurin da ake shan giya ko bori. Kuma ban taɓa ganin sauti ya jinkirta masa salla ba.

Fasali na biyar, a kan laifina

A 1982 ina ɗan shekara 24, na fara sayar da yadi, kuɗi sun fara shigowa hannuna, na kuma karanta 'yan ƙananan littattafai biyu ko uku tare da waɗansu samari abokaina. Sai na ga kamar ilmi duka ya taru a aljihuna. Wani dare na shiga zauren Malam na tarar rediyo tana yi, ga almajirai, ga baƙi biyu dattawa. Ban ko tsaya gaisuwa ta cika ba, na ɗaga murya na ce wannan ba aikin mai furfura ba ne, kuma wanda ke jin kiɗa bai cancanci a ɗauki karatu a wurinsa ba.

Zauren ya yi tsit. Malam ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya dube ni ba tare da fushi ba ya ce: "Ɗana, maganar da ka ɗauko tana da asali, manyan malamai sun faɗe ta. Waɗansu manya kuma sun faɗi wata. Zauna mu ɗauko littattafan mu duba tare." Ya matsa ya ba ni wuri a kan buzunsa. Ni kuwa na ce ba ni da bukata, na juya na fita.

Ka lura da kyau, ya ɗan'uwa, ban zo da fatawa a kan kiɗa ba, ni ɗan kasuwa ne, ba wannan ne matsayina ba. Saɓanin malamai a kan wannan mas'ala daɗaɗɗe ne. Akwai waɗanda suka tsananta, akwai waɗanda suka yi rangwame da sharuɗɗa. Imamu Gazali ya keɓe wa sauraro babi guda a cikin Ihya'u, inda ya kawo hujjojin ɓangarori, ya kuma yi maganar lura da lokaci da wuri da abokan zama. Ka tambayi malamin da ka amince da ilminsa da tsoron Allahnsa, ka bi abin da ya nuna maka. Laifina ba riƙon ra'ayi ba ne. Laifina shi ne na kunyata wanda ya koya mini harafi a gaban baƙinsa, kuma aka ce in zauna a duba na ƙi. Ko malaman da suka fi kowa tsanantawa, babu wanda ya halatta wa almajiri wannan. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Shekara 11 na yi ban taka zaurensa ba. In na hango shi a hanya sai in sake lungu. Abin da na sani daga baya shi ne, a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa ambatona da mugun abu ba, kuma duk wanda ya zo daga kasuwarmu sai ya tambaye shi lafiyata da ta iyalina.

Fasali na shida, a kan komowata da abin da na rasa

A 1993 mahaifina ya rasu. Ana cikin zaman makoki sai ga Malam ya zo da ƙafa, ya zauna a gefe, ya yi addu'a, ya yi mini ta'aziyya kamar jiya muka rabu. Daren nan ban runtsa ba. Bayan sadakar bakwai na tafi zaurensa, na durƙusa, na ce, "Allah gafarta Malam, na zo neman gafara." Ya yi murmushi ya ce: "Sannu da zuwa, matafiyi. Ka fi ni nisan tafiya. Ni shekara takwas na yi, kai goma sha ɗaya. Me ka zo mana da shi?" Na rasa amsa sai kuka. Ya ce, "To, tashi ka zauna, wurinka yana nan."

Allah Ya ƙara mini shekara 26 tare da shi. A 1996, yana da shekara 70, ya ce in raka shi Agadas, ba don komai ba sai don ya ga doguwar hasumiyar masallacin nan ta ƙasa, ya kuma ji yadda ladaninsu ke kiran salla. Muka hau motar kaya ta Zinder, ni ina ƙorafin ƙura da ciwon baya, shi yana hira da yaran mota yana tambayarsu sunan kowane gari.

Amma ka ji inda asarar take. A shekarun da na ƙaurace ne ya koya wa almajiransa karin madahun da ya ɗauko daga Sudan, tare da waɗansu dattawa biyu abokan tafiyarsa masu riƙe masa amshi. Kafin in komo dattawan sun rasu, almajiran kuma sun watsu cikin duniya. Da na komo ya ce in zo mu zauna in ɗauka. Na ce to, sai kasuwa ta lafa. Na sayi rikoda da kaset don wannan aiki, suka yi shekaru a cikin akwati. Kullum gobe. A 2012 ya yi wata rashin lafiya da ta taɓa harshensa, muryar ta tafi, ba ta komo ba. Ƙasidun suna nan a rubuce da hannunsa, babu harafin da ya ɓace. Amma karin da ake rera su da shi, bakwai kaɗai na riƙe. Wadda ya rera a daren guguwa ma ba ta cikinsu. Ina da kalmominta, in na buɗe takardar sai in zauna ina kallonta kamar mai kallon gidan da masu shi suka tashi.

Ya rasu a watan Shawwal na 1440, watau 2019. Shata ya riga shi tun 1999, Ɗanƙwairo tun 1991, Ɗan Maraya a 2015, har ya kasance duk muryoyin da yake so sun tafi sun bar shi. A darensa na ƙarshe ina riƙe da hannunsa ina karanta masa Alburda. Ba ya iya magana, amma na ji yatsansa yana bugun tafina a hankali, yana bin ma'auni. Da na yi tuntuɓe a wani baiti sai yatsan ya tsaya, bai ci gaba ba sai da na koma na gyara.

Kammalawa, nasiha ga mai karatu

Ya kai almajiri, ka sani ilmi kashi biyu ne. Akwai wanda takarda ke ɗauka, wannan ko bayan shekara ɗari za ka same shi. Akwai kuma wanda yake cikin muryar malami da zamansa da yadda yake amsa wa mai yi masa rashin kunya. Wannan ba a kwafarsa, sai an zauna an ɗauka, kuma ranar da aka ɗauki gawar malamin tare da shi ake tafiya. In kana da malami tsoho a raye, kada ka duba ƙarfin jikinsa ka ce akwai lokaci. Nawa ya kai 93, amma tsawon ransa bai amfane ni yadda ya kamata ba, domin shekara 11 girman kai ya ci, saura kuma gobe ta ci.

In ka ga wani abu ga malaminka da bai dace da abin da ka karanta ba, ka same shi a keɓe, ka tambaya da ladabi. Mai yiwuwa kai ne da gaskiya, domin malami ba ma'asumi ba ne. Mai yiwuwa kuma akwai babin da ba ka kai ba tukuna. In an ce ka zauna a duba littafi, ka zauna.

Ya kai falke, kai da ke ratsa garuruwa, kada tafiyarka ta tsaya ga awo da ƙirga. Malam ya fita da gafaka da buta, ya komo babu dukiya, amma abin da ya ɗauko da idonsa da kunnensa ya ciyar da almajirai shekara sittin. Ka tambayi sunan abin da ka gani, ka saurari yadda mutane ke magana da yadda suke yabon Ubangijinsu. Kuma kada ka ce sai kasuwa ta lafa, domin kasuwa ba ta lafawa, mai ita ne ke lafawa.

Kai kuma da Allah Ya ba ka almajirai ko 'ya'ya, in ɗayansu ya ɓace maka, ka tuna da daren guguwa. Da Malam ya bi ni da ihu a 1982, da na ƙara nisa, domin mai ruɗewa ba ya gane inda ihu yake fitowa. Amma ya zauna a wuri ɗaya, da murya ɗaya, yana aiko da gaisuwa shekara bayan shekara, har na gane hanya.

Allah Ya gafarta wa malamina, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da mafificin abin da Yake saka wa malami a kan almajirinsa. Allah Ya gafarta mini abin da na yi masa, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, da wanda ya kwafi wannan takarda, da wanda ya karanta, da wanda ya saurara. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya kuma sa mu cikin addu'a. Allah ne Mafi sani.